Tabkunan gindin dutsi na ƙasar Arewa

Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari tafiyar kamar kilomita 15 ce, in an fuskanci arewa. Hanya tana bin fadama. Ga gonakin hatsi, ga gawo, ga goriba. Can gefe kuma ga duwatsu tsaye, jajaye, kansu shafe kamar an daɓe shi.

In damana ta zauna, ruwa yana kwanciya gindin waɗannan duwatsu. Wani wuri ya yi kwana 20 ya ƙafe. Wani ya kai kaka. Wani kuma ya riƙe ruwa har tsakiyar rani. Su ne tabkunan ƙasar Arewa. Wanda aka fi sani cikinsu shi ne Tabkin Saw, kusa da garin Dogon Dutsi.

Mutane da yawa suna zaton tabki abin fadama ne kawai. Ba haka ba ne. Ruwan tabki daga bisa dutsi yake zuwa. Rairan da ke kashe tabki ma daga can yake zuwa. Wanda ke son sanin lafiyar tabki, sai ya fara ɗaga kai ya dubi dutsi.

Fadamar nan tsohon gulbi ce

Cikin takardu ana kiran wannan fadama Dallol Mawri. Dallol kalmar Fulatanci ce, wato kwari mai faɗi. Mawri kuwa shi ne sunan da Zabarmawa ke kiran Arawa.

Shekaru dubbai da suka wuce, hamada tana da ruwa da ciyawa. Lokacin nan babban gulbi yana gudu cikin wannan kwari. Ya fito daga arewa, ya bi ta inda Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri suke yau, ya faɗa Kwara kusa da Gaya. Da ruwan sama ya ragu, gulbin ya mutu, rairai ya cika shi. Amma ruwa bai gudu duka ba, yana nan ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa rijiyar fadama ba ta da zurfi, ta bisa tudu kuwa sai an haɗa igiya da igiya.

Duwatsun kuma sauran tsohon tudu ne. Ruwa ya ci gefensa, ya bar wuraren da suka fi tauri. Bisa kansu akwai marmara mai ƙarfi, kamar hula. Ƙarƙashin marmara akwai dutsi mai taushi da yumɓu. Tozon Bijini na Dogon Dutsi haka ya samu.

Duwatsun Arewa ba su kai na Abzin ba. Can dutsin Bagzan ya kai mita 2,022 bisa teku. Can ma akwai ruwa mai kwanciya tsakanin duwatsu, kamar na Timiya, Buzaye suna ce da irinsa agelmam. Amma shi kwanonsa na dutsi ne, kuma inuwa tana rufe shi. Tabkin Arewa kwanonsa na laka ne, yana fili, rana tana dukansa tun safe har marece. Don haka ya fi bukatar kulawa.

Lissafin ruwa

Ma'aikatan noma suna auna ruwan sama da milimita. A ƙasar Arewa shekara tana kawo milimita 400 zuwa 600, wata shekara ƙasa da haka, wata fiye.

Ga lissafi mai sauƙi. Eka ɗaya fili ne mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Ruwan milimita 1 bisa eka ɗaya lita 10,000 ne. Tano yana cin lita 200. Ke nan tano 50. In aka yi ruwan milimita 30 dare ɗaya, eka ɗaya ta samu tano 1,500.

Ina wannan ruwa yake zuwa? In bisa dutsi akwai geza da sabara da anza da ciyawa, suna tare shi. Yana tafiya sannu, ƙasa ta sha rabonta, saura ya gangara ba gaggawa. In kuwa an sare itace, wuri ya zama faƙo, ba abin da ke tare shi. Sai ya taru ya zubo da ƙarfi, ya yanka kwazazzabo, ya ɗauko rairai da tsakuwa, ya kai su cikin tabki.

Akwai abin mamaki nan. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke shiga tabkuna ya ƙaru. Masu bincike sun auna rijiyoyi gabas da Yamai. Sun ga ruwansu ya hau kamar mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Dalili shi ne an share daji, ruwa ba ya tsayawa bisa tudu, duk yana gangarowa kwari. Mai gani daga nesa sai ya ce arziki ne. Amma ruwan da ya cika tabki, shi ne gonar tudu ta rasa. Kuma bai zo shi kaɗai ba, ya zo da rairai.

To, mi rairai ke yi wa tabki? Yana rage masa zurfi. Ruwa ya rasa wurin zama, sai ya bazu, ya ci gonakin gefe. Tabki ya yi faɗi, ya yi kyan gani, amma ba ya daɗewa. Rana da iska suna shan ruwan da ke fili fiye da mita 2 cikin shekara. Cikin bazara suna shan kusan santimita 1 kowace rana. Tabki mai zurfin mita 1, in ruwa ya ɗauke cikin Oktoba, da wuya ya wuce Fabrairu, ko da ba dabbar da ta sha. Mai zurfin mita 2 yana iya kai bazara. Rana ba ta duban faɗin tabki. Zurfi shi ne ajiya.

Abin da ke cikin ruwa

Ruwan fari yana sauka, dare ɗaya kwaɗi su cika gari da kuka. Ba daga sama suka faɗo ba. Suna nan binne cikin ƙasa tun bara.

Gaiwa ta fi su dabara. Ita kifi ce, amma tana da huhu, tana shaƙar iska. In tabki ya fara ƙafewa, sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta. Yauƙin jikinta ya bushe ya zama mata kube. Ta bar ƴar kafa wajen baki don numfashi. Haka za ta zauna wata da watanni, ba ci ba sha. Naman jikinta take ci a hankali. Masu cewa gaiwa tana cin jikinta ba ƙarya suka yi ba. Ruwa na dawowa, laka ta jiƙe, ta fito. Amma gaiwa laka take bukata. In rairai ya rufe laka, ba ta da wurin kwana.

Tarwaɗa ma tana shaƙar iska. Tana jure ruwa mai dauɗa, kuma tana iya jan ciki bisa jiƙaƙƙar ƙasa daga wannan ruwa zuwa wancan. Karfasa kuwa uwa ce mai tattali. Cikin bakinta take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe. Ma'aikatan gandun daji sukan kawo ƴaƴan karfasa da na tarwaɗa su zuba cikin tabkuna masu daɗewa da ruwa. In an zuba, sai a yi haƙuri wata da yawa kafin a fara kamu.

Abu biyu suna ɓata wannan aiki. Na ɗaya, kamun kifi da gidan sauro. Idonsa ƙanana ne, yana kwashe har ƴaƴan da ba su kai yatsa ba. Mai yin haka ya yi hasara biyu: ya cinye kifin baɗi, ya bar ɗiyansa ga sauro. Na biyu, wanke famfon feshi da gwangwanin maganin ƙwari bakin tabki. Maganin yana kashe kifi da kwaɗi, kuma bisashe suna shan ruwan.

Gefen ruwa akwai bagaruwa da giyayya, su ba su tsoron ruwa ya kwanta gindinsu. Bisa ruwa akwai bado. Guza yana yawo bakin gaɓa. Da dare dila da yanyawa da zomo da bushiya suna saukowa daga dutsi su sha. Wanda ya yi sammako zai ga sawunsu bisa laka. Tsofaffi suna tuna barewa da kura. Yau samari da yawa ba su taɓa ganinsu ba.

Tsuntsaye: ƴan gida da baƙi

Balbela da zalɓe da kirinjijiya da dinya ƴan ƙasa ne. Ba su barin Afirka, suna bin ruwa daga wannan tabki zuwa wancan. Zabin daji da fakara da hasbiya suna zuwa sha safe da marece. Gauraka dai ta yi wuyar gani. Tana son fadama mai ciyawa inda ba a damunta, kuma an yi ta kama ta ana kai wa masu kuɗi su ajiye cikin gida.

Shamuwa kowa ya san ta. Tana zuwa goshin damana, ta yi sheƙa bisa itace tsakiyar gari, ba mai taɓa ta. Fara da tsutsa take ci, don haka abokiyar manomi ce. Amma ina take zuwa in kaka ta yi? Masu bincike sun ɗaura wa waɗansu shamuwoyin Nijar ƴar na'ura mai nuna inda suke. Sun bi su har ƙasar Tanzaniya. Can damana tana farawa lokacin da ta nan ke ƙarewa. Ashe shamuwa damana biyu take ci kowace shekara.

Shamuwa na tafiya, waɗansu baƙi na isowa. Su daga arewa suke, daga Turai da Rasha, sanyi ya koro su. Cikinsu akwai wata ƴar agwagwar ruwa, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Namijin yana da farin zane bisa ido. Tana tafiyar fiye da kilomita 4,000, ta ƙetare teku, ta ƙetare hamada. Ruwan da take fara samu bayan hamada shi ne tabkunan ƙasashe irin Nijar. Tana zama har wajen Maris, ta yi ƙiba, sannan ta koma. In ta tarar tabkuna sun ƙafe da wuri, ba ta samun ƙarfin komawa.

Wani lokaci akan ga tsuntsu da zoben ƙarfe ga ƙafa, da rubutu bisa. Ba sihiri ba ne, ba kuma kuɗi ba ne. Masu bincike na wata ƙasa suka sa masa, don su san hanyarsa. Wanda ya tsinci irin wannan zobe, ya kai wa ma'aikacin gandun daji, ya faɗi wuri da rana.

Saboda irin waɗannan tsuntsaye da ruwan da suke sauka, ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a garin Ramsar na ƙasar Iran cikin 1971. Nijar ta shiga cikin 1987. Cikin 2004 aka rubuta kudancin Dallol Mawri, wajen Gaya, inda giginya take da yawa, cikin wuraren da ake tsarewa. Cikin 2005 aka ƙara tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi, cikin jihar Tawa. Tabkunan Matankari ƙanana ne bisa ga waɗannan, amma tsuntsu ba ya karanta takarda. Inda ya ga ruwa nan yake sauka.

Wurin aiki, wurin wasa

Bakin tabki ba ya rabuwa da mutane. Mata suna wanki. Magina suna buga tubali. Makiyaya suna shayarwa. Da, samari dawaki suke wankewa, yau babura sun fi yawa.

Yara kuwa nan ne dandalinsu. Suna iyo, ƙanana suna rungume da gora don kada su nutse. Suna gina shanun laka, su sa musu ƙaho da tozo. Suna tonon bado. In kaka ta yi, ciki ya cika, ana kokawa bisa rairan ƙorama. Masu ƙarfin ƙafa su hau dutsi, su zauna bisa marmara, iska na kaɗawa. Daga can ana ganin fadama duka: gari, gonaki, garake, da tabki yana walƙiya kamar tasa. Ba kuɗin shiga, ba kuɗin mota. Mutanen birni suna biyan kuɗi su ga abin da bai kai wannan ba.

Babban wasan ruwa shi ne su, ranar da gari duka ke shiga kamun kifi tare. Wanda ya fi suna shi ne na Argungu, ƙasar Kabi, ƙetaren iyaka. An fara bikin cikin 1934, kuma cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Abin lura ga na Argungu shi ne doka. Ana hana kamu wurin kafin biki. Ranar biki ma ba mai shiga ruwa sai an ba da izini. Hanin nan shi ke sa a samu manyan kifaye. Ƙaramin tabki ma haka yake.

Amma ruwan kwance yana da cuta. Babbarta ita ce tsargiya, wato fitsarin jini. Ga yadda take yawo. Mai cutar ya yi fitsari cikin tabki. Ƙwan tsutsa ya fita tare da fitsarin, ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙaramar katantanwa. Bayan ƴan makonni tsutsotsi su fito da yawa, ido ba ya ganinsu. Su huda fatar mai wanka ko mai wanki, su shiga jini. Waɗansu suna cewa jini cikin fitsarin yaro alamar girma ce. Wannan kuskure ne. Cuta ce, tana rage jini, tana sa kasala, in ta daɗe tana ɓata mafitsara da ƙoda. Tana da magani, sunansa Praziquantel. Cikin 2004 Nijar ta fara rabon shi kyauta ga ƴan makaranta, ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi ƙwayoyi daidai da shi. Yaron da ya ga jini, a kai shi gidan likita. Kuma kowa ya yi fitsari da bayan gida nesa da ruwa. In ƙwai bai shiga tabki ba, katantanwa ba ta da abin ba kowa.

Wannan ba abin da ya gagara ba ne. Kurkunu ma daga ruwan tabki ake ɗaukarsa. An tace ruwa, an gina rijiyoyi, an hana mai kurkunu shiga tabki. Cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi.

Sai haɗari biyu ga yara. Ramin da aka ɗebi ƙasar tubali da rani, in ruwa ya rufe shi ba a ganinsa. Yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa, sai ya zurma. Ya kamata a kafa itace bakin irin wannan rami tun kafin damana. Ƙorama kuma tana kawo ruwa ko ba a yi ruwa cikin gari ba. In hadari ya zuba bisa dutsi, a fitar da yara daga cikinta.

Garka da burtali

Bayan yunwar 1984, zamanin Seyni Kunce, gwamnati ta ƙarfafa noman rani ƙwarai. Tun daga nan garake suka yawaita cikin fadama: salati, shu, tumatir, albasa, dankalin turawa, zogala. Abu ne mai kyau. Ya tsayar da samari da yawa gida, ya sa kuɗi hannun mata.

Sai dai in garake suka kewaye tabki kaf, ta ina saniya za ta sha? Nan faɗa ke tashi. Dokar ƙasar karkara ta 1993 ta kawo kwamitin kula da filaye, wanda ake kira Kofo. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta hana toshe wa bisashe hanyar ruwa. Mai garka yana da hakki, makiyayi yana da hakki. Lokacin shata burtali shi ne kafin a kafa shinge, gaban maigari da Kofo da wakilin makiyaya, a sa alama, a rubuta. In an bari sai shanu sun shiga albasa, magana ta riga ta ɓaci.

Aikin yana bisa dutsi

In tabki ya cika da rairai, mutane sukan ce a kawo mota ta yashe shi. Yasa tana da tsada, kuma in ba a gyara bisa ba, rairai zai komo. Gyara daga sama ake fara shi.

Bisa faƙo ana jera duwatsu, layi layi, a gicciye da gangara. Ruwa ya iso, ya rage gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Ana gina rabin wata: rami mai faɗin mita 4, bakinsa yana duban inda ruwa ke fitowa, kamar 300 cikin eka ɗaya. Cikinsa a shuka ciyawa, a dasa itace. Cikin kwazazzabo ana ɗaure duwatsu cikin ragar waya, a tare shi gaɓa gaɓa, daga kai zuwa gindi. Wanda ya fara daga gindi, ruwan fari zai kwashe aikinsa. Bakin gona a dasa gamba. Mai sassabe ya bar toho biyu ko uku ga kowane kututture, kada ya share duka.

Ba sabon abu ba ne. A Keita, ƙasar Adar, an fara irin wannan aiki cikin 1984, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Duwatsun da ke kewaye da Dogon Dutsi ma an yi musu, don rage ruwan da ke afka wa gari. Abin da ke kashe aikin shi ne sakaci bayansa. Itacen da aka dasa ranar 3 ga Agusta, in ba a tsare shi daga awaki ba shekara biyu ko uku, wahalar banza aka yi.

Cikin tabki ma akwai abin yi. In ya ƙafe, ɗibar ƙasa don tubali ko don kai wa gona tana ƙara masa zurfi. Amma a lura. Lakar gindi ita ke riƙe ruwa. In aka haƙa har aka huda ta aka kai ga rairai, tabki zai riƙa tsiyaya ta ƙasa. Mai haƙa ya ga laka ta fara ƙarewa, ya tsaya, ya matsa gaba.

Gari yana iya auna tabkinsa da kansa, ba sai ma'aikaci ya zo ba. Da rani, in ya ƙafe, a kafa ƙarfe ko itace mai ƙarfi kusa da inda ƙorama ke shigowa. A bar mita 1 daidai bisa ƙasa. Baɗi war haka a sake aunawa. In saura santimita 90, rairai ya ci santimita 10 cikin damana ɗaya. Wanda ya iya rubutu cikin ɗaliban yaƙi da jahilci ya rubuta lambar cikin littafi, tare da ranar da ruwa ya shiga tabki da ranar da ya ƙafe. Littafin ya zauna wurin maigari. Bayan shekara 3 a kawo shi gaban taron gari a karanta.